Kafin ka yanki tikitin Burasel, fito da takardunka a duba

Ku sababbin zuwa Jamus, musamman waɗanda suka sauka a yankin Kolon da Bon, ba za ku daɗe ba wani zai gayyace ku Beljiyam. Ko suna ne, ko walimar aure, ko taron Sallah na 'yan uwanmu 'yan Nijar da ke da yawa a Burasel. Ku je, don zumuncin nan shi ya riƙe mu a ƙasar mutane, kuma ina alfahari da yadda jama'armu ke cika zauren taro daga ƙasashe uku saboda jariri ɗaya. Sai dai na gaji da kiran waya na tsakar dare daga yaran da aka sauke a kan iyaka, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Maganar mota gajeriya ce, ku ajiye ta. Lasin da ka zo da shi daga gida wata shida yake aiki bayan ka yi rajistar zama, daga nan sai ka ci jarrabawar nan ƙasar. Ga kuɗin mai, ga neman wurin ajiye mota, ga shi Burasel tana da dokar hayaƙi da ta wajabta wa mota mai lambar Jamus yin rajista idan za ta shiga gari. Jirgin ƙasa daga Kolon bai kai awa biyu ba.

Tikiti ma ba wuya. Deutschlandticket, tikitin wata-wata na duk faɗin Jamus, ya fara a watan Mayun 2023 kan Yuro 49, ya koma 58 a 2025, sannan 63 daga Janairun 2026, kuma ɗalibai da yawa suna samun nasu cikin kuɗin zangon karatu. Yana aiki a bas, da jirgin cikin gari, da jiragen yanki masu alamar RE da RB. Ba ya aiki a jiragen dogon zango, wato ICE ko IC, duk da cewa a dandamali ɗaya suke tsayawa. Ka hau farin jirgin nan da shi, mai duba tikiti zai ɗauke ka a matsayin wanda bai biya ba, tarar kuma daga Yuro 60 take farawa. Deutschlandticket ɗin zai kai ka Aachen, garin bakin iyaka, daga can ka sayi na Beljiyam. Idan Holan za ka, yana kai ka har Venlo. Luksambog kuwa tun Maris na 2020 bas da jirginta kyauta ne a aji na biyu. Mai son sauri ya sayi na ICE ko Eurostar da wuri, mai lallaɓa aljihu ga FlixBus. Abu ɗaya zan ƙara: idan akwai canjin jirgi, ka sayi tafiyar duka a tikiti ɗaya, don in na farko ya makara har ka rasa na biyu, kana da haƙƙin hawa na gaba. Tikiti biyu daban-daban masu araha ba su ba ka wannan kariyar, kuma araha ba ta ado.

Yanzu ga inda ciwon yake.

Kullum sai na ji sabon zuwa yana cewa, ai Turai babu boda. Ƙanena, wa ya faɗa maka? Yarjejeniyar Shengen, ta zirga-zirga tsakanin yawancin ƙasashen Turai, ta cire shingen tsayawa ne kawai, ba ta cire buƙatar takarda ba. Kuma tun ranar 16 ga Satumban 2024 Jamus ta dawo da bincike a dukkan iyakokinta na ƙasa. 'Yan sanda suna hawa jirgi, suna tsayar da bas, kuma kada mu yaudari kanmu, mai fata irin tamu ba kasafai suke wuce shi ba. Abin yana min ciwo, amma takarda cikakkiya ce ke sa ka kalli ɗan sandan ido cikin ido ya miƙo maka abinka ya wuce.

Abu biyu ake so a hannunka: fasfo mai rai, da izinin zama mai rai. Katin roban nan da aka ba ka a ofishin baƙi ba fasfo ba ne. A cikin Jamus yana isa a yawancin wurare, shi ya sa mutane ke sabawa su bar fasfo a ƙarƙashin katifa. Da ka tsallaka iyaka sai su biyun tare. Da su kana iya zama har kwana 90 cikin kowane kwana 180 a sauran ƙasashen Shengen, a matsayin baƙo, ba mai aiki ba. Wanda ke kan dogon bizar shigowa mai harafin D shi ma yana da wannan damar muddin bizar ba ta mutu ba.

Wani yaro ɗalibi, mai hankali da kunya, ya dawo daga suna da bas ɗin dare. Jim kaɗan bayan sun shigo Jamus aka karkatar da bas ɗin wurin hutun matafiya, aka kunna fitilun ciki, 'yan sanda biyu suka bi kujera-kujera. Ya miƙa katinsa, aka ce fasfo, sai ya buɗe waya ya nuna hotonsa. Aka ce ya sauko. Direba ya buɗe ƙasan mota, ya fito masa da jakarsa da ledar naman suna da aka ba shi ya kawo mana, ya rufe, ya ja motarsa. Yana tsaye cikin sanyi da kaftani da jaket marar kauri ya kira ni, muryarsa na rawa, yana cewa, “Yaya, don Allah ka yi musu bayani.” Sun tabbatar da zamansa halal ne suka sake shi, amma kuɗin bas ya tafi, ya kwana a tasha, kuma da kyar muka shawo kansa ya sake yarda ya je wani taro.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne Fiktionsbescheinigung, takardar wucin gadin da ake ba ka idan ka nemi izinin zama ko sabunta shi amma ba a gama aikin ba. Mutanenmu suna cewa “ai ina da Fiktion” kamar duk iri ɗaya ce. Ba iri ɗaya ba ce. Ka buɗe ta, ka duba akwatin da aka yi wa alama a ƙarƙashin sashe na 81 na dokar zaman baƙi. Idan sakin layi na 4 ne, tsohon izininka yana ci gaba da aiki, kana iya fita ka dawo, da fasfo da tsohon katin a haɗe. Idan sakin layi na 3 ne, an yarda ka zauna a Jamus kawai, amma ba ta ba ka ikon sake shigowa ba. Ka fita da ita, kana iya tsintar kanka a wata ƙasa, ɗakinka da karatunka da aikinka suna wannan ɓangaren, kai kana wancan. Ni na san zafin wannan takarda. Na taɓa shafe watanni ina jiran ranar ganawa a ofishin baƙi, ina rubuta saƙo ba amsa, har sunan ɗan aminina ya wuce ina zaune a ɗaki ina kallon hotuna a waya. Na yi baƙin ciki ƙwarai, amma ban je ba, kuma duk wanda ke cikin wannan hali ina gaya masa ya haƙura, mai jego za ta fahimta.

Su kuma 'yan uwa masu jiran hukuncin neman mafaka, ko masu riƙe da Duldung, wato takardar dakatar da korar mutum na ɗan lokaci, magana ɗaya ce: kada ku tsallaka. Duldung tana mutuwa ne da zarar ka bar ƙasar. Kada wani ya ce maka shi ya je sau da yawa ba a taɓa tambayarsa ba. Ba shi zai zauna da lauya a madadinka ba, kuma yana ba ni haushi idan na ji tsohon zuwa yana ba yaro irin wannan shawarar.

Ku duba ranar mutuwar fasfo tun da sauran watanni, don ba a fafe gora ranar tafiya. 'Yan Najeriya suna sabuntawa a ofishin jakadanci na Balin ko ƙaramin ofishi na Frankfurt. Idan ka karɓi sabo, ka tuna katin zamanka yana ɗauke da lambar tsohon, saboda haka ka riƙe tsohon fasfon tare da sabon har a sake maka kati. Yara ma kowa da takardarsa, har na goye.

Sauran ƙanana ne. Katin inshorar lafiyarka na gwamnati yana da shuɗin baya da ke aiki a ƙasashen Tarayyar Turai, ka tafi da shi. Burasel tana da manyan tashoshi uku, Midi da Central da Nord, ka tambayi mai masaukinka a wacce zai tarbe ka. A allon tasha can za ka ga Kolon, wato Köln, ta koma Cologne ko Keulen, gari ɗaya ne. Sallah kuwa matafiyi yana da sauƙin ƙasaru, ka yi alwala kafin ka hau. Ranar Lahadi kada ka dogara da jirgin ƙarshe, mu da taronmu ba ya tashi a kan lokaci, ka sa ido a kan wanda ke gabansa.

A tashar Midi za ka ga layin masu zuwa Landan, kusan awa biyu ce ta ƙarƙashin teku, ranka zai biya. Ingila ba ta cikin Shengen, haka ma Ayalan. Katin zaman Jamus ba ya shigar da kai can, mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana sai ya nemi bizarsu daban, kuma a nan Burasel ake duba ta tun kafin a bar ka ka isa wurin jirgin.