Yadda ake haɗa zoben takardar da almakashi ba ya raba shi biyu

Ranar da ruwan damina ya tsare mu a zaure a Argungu, na tambayi 'ya'yan yayana: idan aka tsaga zoben takarda ta tsakiya har aka zagayo, zobe nawa za a samu? Duk suka ce biyu, har babbansu yana yi mini kallon Kawu ya raina musu hankali. Da na gama yankawa zobe ɗaya ya faɗo mini a cinya, sai zauren ya yi tsit. Ga yadda za ka haɗa naka.

Kayan aikin ba su da yawa: takarda, almakashi, biro, da gam ko salatif. Takardar tsohuwar kalanda ta fi daɗin aiki don tana da kauri, kuma bayanta fari ne. Ta buhun siminti ma tana yi idan ka kakkaɓe ta. Kada dai ka ɗauko almakashin ɗinkin Inna, takarda tana dakusar da shi, kuma kai za ka sha faɗan.

Da farko yanko zirin takarda guda biyar, kowane faɗinsa yatsa uku, wato kamar santimita 5, tsawonsa kamu ɗaya ko fiye kaɗan. Gajeren ziri mai faɗi ba ya murɗuwa, lanƙwashewa yake.

Ɗauki na farko ka haɗa bakinsa biyu kamar awarwaro, ba murɗi. Tsaga shi ta tsakiya. Zobe biyu za su fito, kowa ya kama gabansa. Wannan matakin kamar ɓata takarda ne, amma kada ka tsallake shi. Sai yaro ya ga abin da ya zata ya tabbata sannan na gaba yake girgiza shi.

Yanzu ɗauki na biyu ka shimfiɗa. Sa ɗigon biro a bakin dama, sa wani a bakin hagu, duk a fuskar da take kallonka. Kawo bakin biyu kusa kamar za ka yi awarwaro, sai ka kifa ɗaya sau ɗaya tak, kamar yadda ake juya waina a tanda, ka ɗora shi yadda ɗigo zai haɗu da ɗigo. Idan ɗigo biyu sun haɗe fuska da fuska, kifi ɗaya ka yi, daidai ne. Liƙe mahaɗar daga gefe zuwa gefe, ciki da waje. Karon farko da na yi, gam na ɗiga a tsakiya kawai, ina kai almakashi wurin zoben ya ɓalle, yara suka kwashe da dariya.

Wannan shi ake kira zoben Möbius, da sunan masanin lissafi ɗan Jamus August Möbius. Shi da wani Bajamushen, Johann Listing, kowa ya gano shi a nasa ɓangaren a 1858, amma sunan Möbius ne ya bi shi.

Kafin ka taɓa almakashi, miƙa wa yaro biro. Ya ɗora shi a tsakiyar zirin, a kan mahaɗar, ya yi ta jan layi ba ɗagawa. Zai zagayo mahaɗar ya tarar babu layinsa a wurin, yana bayan takardar. Ya ci gaba, sai a zagaye na biyu ya cimma inda ya faro. A duba ko'ina, babu inda layin bai bi ba, alhali biro bai taɓa tsallake gefe ba. Ke nan fuskar zoben ɗaya ce, ba shi da ciki ba shi da waje. Haka gefensa: ɗora yatsa ka bi, za ka shafe abin da ido yake gani kamar gefe biyu ka dawo mafari. Saboda wannan ne aka taɓa ƙera bel ɗin wasu injina da irin wannan murɗi, don duk jikinsa ya ci daidai maimakon ɓangare ɗaya ya riga lalacewa.

Sai yanka. Ka fara sa kowa ya faɗi abin da yake zato, a rubuta a ƙasa da tsinke don kada wani ya ce daga baya dama ya sani. Ɗan matse takardar a kan layin ka ɓula da bakin almakashi, ka zura shi ta ɓular, ka bi layin har ka zagayo. Kada ka shigo daga gefe. Zobe ɗaya zai fito, siriri, tsawonsa ninki biyu, mai murɗi da yawa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Awarwaro yana da gefe biyu, in ka tsaga shi kowane rabi ya tafi da nasa. Wannan kuwa gefensa ɗaya ne, kuma almakashi bai taɓa shi ba. Tun da gefen bai tsinke ba, takardar da take manne da shi ma dole ta fito a haɗe. Idan ka sake tsaga wannan dogon ta tsakiya, to a nan zobe biyu za ka samu, sarƙe da juna, domin shi yanzu fuska biyu da gefe biyu gare shi.

Ziri na uku shi na fi so. Haɗa shi da kifi ɗaya kamar na baya, amma ka yi ɓular a kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa, kusa da gefe, ka riƙe wannan tazarar kana tafiya. Almakashin zai zagaya sau biyu kafin ya haɗu da mafarinsa. Abin da zai fito ƙaramin zobe ne rataye a jikin babba. Babban shi ne gefen da ka feƙe gaba ɗaya, ƙaramin kuma tsakiyar da ta rage, kuma har yanzu zoben Möbius ne. Sa yaro ya gwada shi da biro ya gani.

Na huɗu ka kifa bakinsa sau biyu kafin ka liƙe. Tsaga shi, za ka sami zobe biyu masu girma ɗaya, ɗaya a cikin ɗaya kamar sarƙa. Na biyar kifi uku. A nan ka yi a hankali, ka sa wani ya riƙe maka lokacin liƙewa don murɗin yana son warwarewa. Bayan ka tsaga, ɗaga shi ka girgiza sannu: zobe ɗaya ne, amma da ƙulli a jikinsa, kuma ba zai kwance ba sai an tsinka takardar. Autar gidan ta kwashe har magariba tana fama da shi, daga baya ta rataya shi a wuya ta shige ciki wurin Inna.