Kurakuran da muke yi in kaza ta kamu da ciwo

Da zarar kaza ta takure a lungu, ta saki fukafukai, abin da yawancinmu ke yi shi ne a aiki yaro kyamis ya sayo kafso ja da rawaya, a fasa a ruwa, a barbaɗa barkono. Ba wanda ya ɗaga ta ya duba. Daga nan asarar take farawa, domin wannan kafson, wato tetracycline, ba ya kashe ƙwarƙwata, ba ya fitar da tsutsar ciki, kuma ba ya warkar da cutar Newcastle.

Fara da ware ta. Kwando ko kwali a wuri mai ɗumi ya isa, nesa da sauran, da kwanon ruwanta daban. Ruwa ya fi tsaba muhimmanci a wannan lokaci. A sa ɗan sukari a ciki, a jiƙa mata dusa ta yi laushi. Kada a buɗe bakinta a kwarara ruwa, yana bin hanyar numfashi ya shaƙe ta. A tsoma bakin a cokali ta sha da kanta.

Sannan a duba ta da kyau. Buɗe gashin ƙarƙashin fiffike da na wajen dubura. In ka ga ƙananan ƙwari suna gudu a fata, da farin abu a daskare a gindin gashi, ƙwarƙwata ce da ƙwayayenta. A nan mutane ke yin ɓarna mafi muni: shafa kananzir ko fesa Sniper a jikin kaza. Kananzir yana ƙona fata, Sniper kuwa guba ce ga kazar da mai cin namanta. A nemi hodar ƙwari ta kaji a shagon magungunan dabbobi, a kuma maimaita bayan kwana 7 zuwa 10, saboda hodar ba ta kashe ƙwayayen, za su ƙyanƙyashe.

Amma ko an yi wannan, in aka mayar da kazar tsohon akurkinta an yi aikin banza. Kaskar kaji da jajayen ƙwarin nan masu shan jini ba sa kwana a jikin kaza da rana. Suna ɓuya a tsagar bango da katako, sai dare su fito. Shi ya sa za ka ga kaza ta rame, zankonta ya koɗe, ko mai kwanci ta gudu ta bar ƙwai, ka duba jikinta ba ka ga komai ba. Shiga akurkin da tocila da daddare. A kwashe shimfiɗar a ƙone, a fesa magani a tsagogi, a yaɓe su. A ajiye musu toka da yashi a busasshen wuri su riƙa birgima. Ƙafar da ta yi kaushi kamar ɓawon itace kuwa, man Vaseline a kai a kai na wasu makonni yana toshe ƙwarin da ke ƙarƙashin ɓawon.

Tsutsar ciki ma iri-iri ce. Piperazine yana fitar da doguwar tsutsa mai kama da taliya, amma bai taɓa mai faɗi. In kashin 'yan tsaki ya zo da jini, sau da yawa wata cuta ce daban da ake ba amprolium. Kowane ne ka ba, karanta takardar maganin ka ga kwanakin da za a dakata kafin a ci ƙwai ko nama.

Idan kuwa hunturu ne, kaji suna koren zawo, wuya na murɗewa, suna mutuwa bi da bi, alamun cutar Newcastle ke nan, ba kafson da zai tare su. Rigakafinta mai suna I-2 da cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato ke yi, ɗigo ɗaya ne a ido, duk bayan wata 3 zuwa 4, kuma ga lafiyayyu ake yi tun kafin sanyi ya shigo. Ina roƙo, kada a kwashi marasa lafiyar a kai kasuwa, kada a jefa mushe a bola. A binne shi da zurfi, a sanar da likitan dabbobi, domin murar tsuntsaye da ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006 tana kama da wannan. Duk kazar da aka sayo ko aka ba ka kyauta, ta yi mako 2 ita kaɗai kafin ta shiga cikin garke.