Yadda na gyara sabar gidana da faifanta ke yawan ɓacewa

Sabar da na haɗa a ɗakina a Samaru, wato kwamfutar da ke ajiye fayiloli don sauran na'urori, ƙaramar kwamfuta ce mai suna Raspberry Pi 4, da faifan ajiya na waje mai terabait 1 a jone ta USB. Kusan mako uku, da na fara kwafar manyan fayiloli sai faifan ya ɓace, wani sa'in ma na'urar ta sake tashi da kanta.

Na fara zargin zafin Afrilu, amma abin da umarnin vcgencmd measure_temp mai auna zafin na'urar ya nuna bai wuce digiri 62 ba, Pi kuwa sai ta kai 80 take rage gudu. Na canja katin SD, bai canja komai ba.

Umarnin vcgencmd get_throttled, mai nuna matsalar wuta ko zafi, shi ne ya tona asiri. Ya nuna 0x50005: wuta ta yi ƙasa a yanzu, kuma ta taɓa yi a baya. Pi na yin wannan ƙorafin idan wutar ta sauka ƙasa da 4.63V. Ashe cajar waya ce mai 5V 2A nake ba ta, ga doguwar waya siririya.

Na sayo caja mai 5.1V 3A da gajeriyar waya mai kauri a Sabon Gari. Faifan kuma na mayar da shi kan mahaɗar USB mai wutarta daban, domin ramukan Pi 4 gaba ɗayansu 1.2A kawai suke bayarwa, faifai mai juyawa kuwa yana zuƙar wuta sosai wajen tashi. A /etc/fstab, fayil ɗin da ke lissafa faifan da za a jona wajen tashi, na ƙara kalmar nofail, don kada Pi ta maƙale idan an kawo wuta faifan bai shirya ba.

Na sake kunnawa, na kwafi gigabait 40, get_throttled ya nuna 0x0, wato babu matsala. Alhamdulillahi.