Yadda na rage asarar tumatir tsakanin Kano da Legas

Na daɗe ina lodin tumatir daga kasuwar Kwanar Gafan da ke jihar Kano zuwa kasuwar Mile 12 da ke Legas, tafiyar kimanin kilomita 1,000, kuma duk sauke kaya sai na tarar kwandunan ƙasa sun dame, ruwa na tsiyaya ta ƙofar mota. Da farko na ɗora laifin a kan direba, ashe ban yi masa adalci ba, domin nauyin kwandunan sama ne yake danne na ƙasa, zafi kuma ya ƙarasa ɓarnar.

Sai na koma amfani da akwatunan roba masu huji, waɗanda kowanne yake zama a kan bakin ɗan'uwansa ba tare da ya taɓa kayan ciki ba, iska kuma tana ratsawa. Suna da tsada, amma ana wanke su a sake lodi, kuma fankonsu suna shiga cikin juna wajen dawowa.

Na kuma sa wa motar na'urar bin sawu, wadda take turo mini saƙo da kanta idan tsayuwa ta wuce awa ɗaya. Ranar da cunkoso ya riƙe motar kafin Jebba, tun da asuba na sani, na nemo mai saye a Ilorin, aka sauke kayan can.