Yadda na magance kakkarwar injin tsohon jirgina

Na sayi ƙaramin jirgin sama ƙirar Cessna 172 na shekarun 1960 a nan Riyad, mai injin Continental O-300 mai silinda 6. Duk lokacin da na ɗaga injin zuwa juyi 1,700 a minti domin gwajin magneto (na'urar da ke ba fulogi wuta, biyu ne a injin) kafin tashi, sai na juya makulli zuwa magneto guda, injin ya kama kakkarwa, juyin ya faɗi fiye da 125 da littafin jirgin ya yarda.

Na tsiyayo mai daga ƙasan tankuna, babu ruwa a ciki. Kafireto ma lafiya lau.

Wani injiniya Bahaushe mai lasisi ne ya ce mu kwance fulogogin ƙasa (kowace silinda tana da fulogi biyu, na sama da na ƙasa), muka tarar dalma ta toshe biyu. An ƙera injin domin mai 80/87 ne, alhali 100LL da ake samu yanzu ya fi shi dalma nesa ba kusa ba. Muka kankare fulogogin, muka saita tazarar bakinsu a inci 0.018, muka sa sababbin washa na tagulla. Yanzu ina rage man da ke shiga injin muddin jirgin yana tafiya a ƙasa, don kada dalma ta sake taruwa.

Alhamdu lillahi, kakkarwa ta ɗauke; Allah ya saka wa injiniya da alheri.