Yadda Ake Gina Ƙaramin Sito a Gefen Layin Dogo na Kwaikwayo

Jirgin ƙasa na kwaikwayo da ke zagaye a kan tsurar katako ba ya riƙe ido fiye da minti biyu. Abin da ke sa mai kallo ya sunkuya yana leƙe shi ne gefen layin: gini, tudu, tsakuwa da ciyawa. Ana sayar da gine-ginen da sai dai ka harhaɗa, amma wanda ka yanka da hannunka ne ke zama daidai da filinka. Bari mu ɗauki ƙaramin sito na tasha, mu gina shi, mu dasa shi a ƙasa.

Lissafi ne farkon aiki. A ma'aunin HO, wanda ya fi yaɗuwa a duniya, ana raba awon komai da 87, kuma tazarar ƙarafan layin milimita 16.5 ce. A ma'aunin N da 160 ake rabawa, tazarar kuwa milimita 9. Mutanen Ingila sun fi son OO, inda ake rabawa da 76. To, a HO, ƙofa mai tsayin mita 2 za ta dawo milimita 23, sito mai mita 10 da mita 5 kuma ya dawo milimita 115 da 57. Yanka ɗan mutum na kwali mai tsayin milimita 20 ka ajiye kusa da kai. Duk abin da ka yi shakkarsa, ka tsayar da shi a gefensa.

Kada ka taɓa kayan kirki tukuna. Haɗa siton gwaji da tsohon kwali da salatif, ka ɗora a wurinsa, ka tura taragon da ya fi tsawo ya wuce ta gabansa. A kan kwana ake shan mamaki, domin tsakiyar dogon tarago ciki take shiga, bakinsa kuma ya fita waje.

Bango ya fi kyau da fallen sitirin, wata irin roba mai tauri, mai kaurin milimita 1. Ba yanka shi ake yi har ƙasa ba. Ɗora rula ta ƙarfe, ka ja sabuwar reza sau biyu ko uku, sannan ka lanƙwasa, zai ɓalle tsaf a kan layin. Fitar da tagogi da ƙofa tun bangon yana jikin babban fallen, lokacin da kake da wurin riƙewa. Ka tuna ka rage milimita 2 daga faɗin bangayen da za su shiga tsakanin 'yan'uwansu, in ba haka ba rufin ba zai zauna ba. Gam ɗin sitirin narkar da robar yake yi ya haɗe ta, don haka ɗigo ɗaya a cikin kusurwa ya isa, kuma ka buɗe tagar ɗakinka saboda warinsa. Kowace kusurwa ka tokare ta da guntun roba daga ciki. In da kwali ka yi aikin, fente shi ciki da waje, don wanda aka fente ta fuska ɗaya bauɗewa yake yi.

Kwanon rufi kuwa daga takardar alminiyam mai ɗan kauri ake samunsa. Shimfiɗa ta a kan abu mai sirantan layuka, ka danna da yatsa har ta ɗauki zanen. Yanka ta falle-falle, kamar milimita 10 da 28, ka fara liƙawa daga ƙasan rufin zuwa sama, kowane falle yana hawa kan na ƙasansa.

Yanzu ga inda nake ganin yawancin masu farawa ke ja da baya: tsufar da ginin. Mutum ya sha wahala ya fente abu fes, sai a ce ya ɓata shi da dauɗa. Amma sabon fenti mai ƙyalli shi ke tona asirin roba. Tsarma baƙin fenti da ruwa sosai har ya zama kamar ruwan wanki, ka shafe bangon, ka bar shi ya gangara cikin ramuka da tsagogi. Bayan ya bushe, tsoma burushi a fenti mai haske, ka goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, sannan ka shafa a hankali a kan gefuna. Tsatsar kwano da garin alli mai launi ake yinta, ja-ja da ruwan ƙasa. Ka riƙa jan burushin daga sama zuwa ƙasa, yadda ruwan sama ke bi. Gindin bango ya fi duhu, ƙarƙashin taga akwai zirin dauɗa, gefen da ke fuskantar layi ya sha hayaƙi. Nemi hoton tsohon sito na gaske ka ajiye gabanka, domin abin da ƙwaƙwalwa ke tunawa ba shi ne abin da ke wurin ba.

Ƙasa ba ta da wuya. Jera soso mai tauri irin na kare zafi a gini, ka sassaƙa tudu da wuƙa, ka goge da samfefa. Farin gam na katako za ka yi amfani da shi a nan, don gam mai ƙarfin wari da fentin feshi cinye soson suke yi. Rufe shi da ƙyalle da aka tsoma a kwaɓaɓɓiyar filasta ta gini, ka fente da launin ruwan ƙasa, ka barbaɗa tankaɗaɗɗiyar ƙasa a kan gam. In ƙasar gaske ce, busar da ita, ka bi ta da maganaɗisu, saboda ɓurɓushin ƙarfe injin jirgin yake nufa.

Tsakuwar layi a bushe ake zuba ta, a daidaita da burushi mai laushi. Fesa mata ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke har ta jiƙe, sannan ka ɗiɗɗiga farin gam da aka haɗa da ruwa rabi da rabi. Ba don sabulun ba, gam ɗin dunƙulewa zai yi a sama ya kwashe tsakuwar. Kiyaye wurin sauya layi, kada gam ya kama ƙarafansa masu motsi. Bar shi kwana guda, sannan ka goge saman ƙarafan, tunda ta nan wuta ke shiga jirgin.

Saura dasa siton. Ginin da aka ɗora kawai a kan ƙasa yakan bar baƙin layi a ƙarƙashinsa, sai ka ga kamar yana lilo. Haƙa masa gurbi mai zurfin milimita 3 zuwa 5, naɗe gindinsa da siririyar leda, ka zaunar da shi, ka tura ƙasa mai gam har jikin bango. In ta bushe ka zare ledar, ginin zai riƙa fita yana komawa gurbinsa duk lokacin gyara. Manna ciyawa a gindin bango da bayan sito, ka bar bakin ƙofa fayau, inda ƙafa ke bi. Sai ka kwantar da wayarka a kan layin ka ɗauki hoto daga tsayin ɗan mutumin kwalin nan. Duk wata kafa da ta rage za ta fito a hoton, ka cike ta da ɗan garin ƙasa a bakin burushi.