Yadda Ake Binciken Tarihin Wasan Kwaikwayo da Gabatar da Shi a Aji

Wahalar nazarin tarihin wasan kwaikwayo ita ce abin da ake bincike a kansa ba ya jiran kowa. Da zarar 'yan wasa sun sauka daga dandamali, 'yan kallo sun watse, shi ke nan wasan ya wuce, sai dai sawunsa: rubutun wasan, zanen ginin, littafin lissafin kuɗin ƙofa, dokar hukuma, ko wasiƙar wani da aka yi a kan idonsa. Aikin da malami ya ba ka shi ne bin wannan sawu.

Ka fara da rage wa batun faɗi. Ɗalibin da ya ce zai yi magana a kan "wasan kwaikwayo a Japan" cikin minti goma ya ɗauko Dala ba gammo. Abin da ya fi shi ne ya mayar da batun tambaya mai wuri da shekara, kamar a ce: me ya sa hukumar Japan ta hana mata hawa dandamalin kabuki, wani nau'in wasan kwaikwayon ƙasar, a 1629, alhali mace ce, Okuni, ta faro shi a wajejen 1603? Tambaya irin wannan da kanta za ta nuna maka littafin da za ka ɗauko a laburare da wanda za ka bari a kan kanta.

Daga nan sai ka raba madogararka kashi biyu, wato shaidar da ta fito daga zamanin kansa, da sharhin da masana suka rubuta daga baya. Ta farkon ta fi daraja, amma ita ma tana bukatar a yi mata tambayoyi. Hoton cikin gidan wasa na Swan da ke Landan, wanda littattafai da yawa ke bugawa, wani baƙo ɗan ƙasar Holan mai suna Johannes de Witt ne ya zana shi a wajejen 1596, kuma zanen nasa ya ɓace, kwafin da abokinsa ya yi ne ya iso gare mu. Saboda haka duk wanda ya kafa hujja da shi, wajibi ne ya faɗi cewa ta hannu biyu ya biyo. Shi kuwa littafin lissafin Philip Henslowe, mai gidan wasa na Rose da ke Landan, ya nuna wasannin da aka yi daga 1592 da abin da kowanne ya kawo, kuma a ganina irin wannan busasshen lissafi ya fi yabon marubuta bayyana abin da jama'a ke so. Ka kuma tuna da yawan abin da ya salwanta. Sofokilis, marubucin wasan kwaikwayo na tsohuwar Girka, ya rubuta wasanni kusan 120, bakwai ne kawai suka tsira cikakku, don haka kada ka ce "Girkawa kullum suna yin kaza" bisa ɗan abin da ya rage.

Duk bayanin da ka kwafa, ka rubuta sunan marubuci da shekara da lambar shafi nan take, domin neman shafi a daren gabatarwa ba ƙaramar azaba ba ce. Hotunan intanet kuma a bi su a hankali. Misali, gidan wasa na Globe da ake gani yanzu a Landan an buɗe shi ne a 1997, na asalin da aka gina a 1599 ya ƙone a 1613.

Ranar gabatarwa, ka buɗe da tambayarka, ka kawo shaida uku ko huɗu, sannan ka faɗi amsarka ƙarara. Kada ka cika majigi da rubutu kana karanta wa mutane abin da idonsu ke gani. Hoto ɗaya da shekara sun wadatar a kowane shafi. Tun da wasa ake magana, ka roƙi abokan karatu biyu su karanta ɗan yanki na minti ɗaya a tsaye, da tazarar da kake jin dandamalin wancan zamani ya ba 'yan wasa. Kafin ranar, ka gwada jawabin da babbar murya, agogo a gabanka, ka kuma tambayi malami yadda ake furta baƙin sunaye. Ka ware minti biyu na ƙarshe domin tambayoyi, jerin madogararka na hannunka.